Bishiyar Kirsimetin Kawu Orkuma

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai bammi ta ƙauyen Tse-Agbinda ya san Orkuma, ko bai ga fuskarsa ba ya ji muryarsa. Ƙuruciyarsa a Fatakwal ya ƙarar da ita yana gadin ƙofar wani otal, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse shi ya gina otal ɗin, shi ya koya wa kuku girki, kuma Turawan da ke sauka ba sa iya barci sai sun ji shawararsa. Ya dawo gida da akwatin ƙarfe, da takalmi mai tsini, da bakin da ba ya hutawa. Matar da ya taɓa aura tuni ta ce kunnenta ya gaji, ta koma gidansu.

Bana kuwa zuciyarsa ta sauka a kan Mbakeren, malamar makarantar Lahadi, wadda mijinta Akpen ya rasu shekarun baya. Ya kai mata doya, ya kai mata kaza, ya gyara mata ƙofar da ba abin da ya same ta har sai da ta daina rufuwa. Ita dai ta ce magana tana hannun Baba Tyokase, yayan marigayi. Baba Tyokase tsoho ne mai gonar lemo, dattijo a coci, wanda maganarsa ta yini guda ba ta cika cokali. Ya saurari Orkuma har ya gaji da sauraro, sannan ya ce:

"Bari Kirsimeti ta wuce. In na ga kai mutum ne da za a bar wa gida, ka kawo mutanenka."

Ana saura 'yan kwanaki, sai saƙo ya zo cewa 'yar Mbakeren ta haihu a Makurɗi. Dole uwa ta tafi. Ga shi ita ce duk shekara take tara yara su yi kayan adon bishiyar coci da hannunsu. Kafin Fasto ya gama tambayar wa zai riƙe mata, Orkuma ya miƙe tsaye da hannu biyu a sama.

"Aikin ba wuya," in ji Mbakeren tana ɗaure kayanta. "Yara sun san komai. Sarƙar takarda, mala'ikun ɓawon masara, marfin kwalba a huda a zura zare. Kai dai ka zauna ka hana su yanka juna da almakashi."

"Haba Malama. Ni za ki koya wa bishiya? Ni da na kafa wadda sai da aka cire rufin otal kafin ta tsaya?"

"Aka mayar da rufin?"

"Bayan sabuwar shekara."

"To namu ka bar shi inda yake. Safiyar Kirsimeti zan dawo."

Washegari yara suka taru a ƙarƙashin mangwaron harabar coci, kowa da abin da ya tsinto. Orkuma ya iso da takalminsa mai tsini, ya dubi tarin ɓawon masara, ya sa ƙafa ya ture.

"Wannan abincin awaki ne. Bana irin na birni za mu yi. Ku miƙo min takardun kalar da Malama ta sayo."

Ya ninke takarda, ya sake ninkewa, ya kama almakashi yana yanka yana kallon sama don a san hannu ya saba. Ya ce da zarar ya buɗe za su ga mala'iku a jere riƙe da hannun juna. Ya buɗe. Abubuwa suka zubo ƙasa kamar ganyen zogale.

Iveren, wata yarinya mai wushirya da bakin tsiya, ta ɗauki guda ta jujjuya.

"Kawu, ina kansa?"

"Mala'ikan birni ne. Kansa yana sama, ido ba ya kaiwa."

"Ƙafarsa ma tana sama?"

"Ke wa ya haife ki ne? Miƙo wata."

Aka miƙo wata, aka sake miƙo wata. Wata ta fito kamar wandon da kare ya yaga, wata kamar kwaɗo. Kafin rana ta take, takardun Malama sun ƙare ƙaf, mala'ika ko ɗaya bai sauko ba. Orkuma ya ce laifin almakashin ƙauye ne, ya ce a bar takarda tukuna a dafa gam.

Gam ɗinsu sitacin rogo ne, a dama a tafasa ya yi kauri, yara sun iya tun ba su iya karatu ba. Orkuma ya ɗanɗana ya yatsine fuska. Ya ce na Fatakwal sheƙi yake yi, kuma asirinsa sukari ne da bammi. Ya aika aka karɓo masa ƙwarya guda a rumfa, ya zuba rabi a tukunya, rabi a cikinsa, ya juya, ya kai bayan coci ya ajiye ya huce.

Can sai suka ji ƙarar tukunya tana birgima. Aladen Mama Kwaghdoo ne, wadda gidanta ke jikin katangar coci, ya sa kai ya lashe har ƙasa. Ya fito yana tangaɗi, ya zagaya mangwaro, ya dubi Orkuma da ido ɗaya, ya kwanta a kan takalminsa ya fara minshari.

Mama Kwaghdoo ta fito da muciya a hannu.

"Orkuma, me ka ba wa dabbata?"

"Ni na ba shi? Ɓarawo ne aladenki, kayan coci ya sata."

"Tun yaushe kayan coci suke warin bammi?"

"Sinadari ne, Mama, ba za ki gane ba."

"Na gane. Irin sinadarin da ke kai ka kwata ran kasuwa ne. Aladen nan shi za a yanka wa surukaina. In suka ci suka fara cika baki irin naka, gidanka zan turo su."

Ta kama kunnen aladen ta ja, yara suka raka su da tafi. Sitacin da ya rage a leda bai fi a dama wa jariri ba. Orkuma ya zuba masa ruwa har ya cika tukunya.

"Kawu, wannan ai tsululu ne," in ji Luper, wani yaro mai kumatu da ba ya iya riƙe magana. "Ba zai kama ba."

"A birni gam ba ya kama nan take. Sai ya yi tunani."

Saura takarda. Orkuma ya shiga ɗakin ajiyar coci yana bincike, ya ture tsofaffin ganguna, ya ci karo da wani kwali. Ya fito yana murmushi har kunne, ɗauke da takardu masu kauri da santsi, bayansu fari fat. Luper ya juya ɗaya. Ga marigayi Akpen nan yana kallonsa, da jajayen idanunsa da gashin bakinsa mai kama da tsintsiya. Ragowar takardun sanarwar jana'izarsa ne, waɗanda dangi suka buga da yawa don a san gidansu ba ƙaramin gida ba ne.

"Ai wannan mijin Malama ne."

"Na ce maka fuskarsa nake so? Bayansa nake so. Taurari za mu yanka, mu manna biyu-biyu, fuska da fuska. Marigayi ya zauna a ciki ya kalli kansa, mu kuma mu kalli fari."

"In Malama ta gani fa?" in ji Iveren.

"Ta ina? Ko ita ma idonta na huda takarda? Wanda ya kai maganar nan gida, shinkafar Kirsimeti sai dai ya ji ƙamshinta."

Wannan karon yara suka karɓe almakashi. Suka zana tauraro da gawayi, suka yanka tsaf, suka shafa tsululun Kawu suka manna, suka danne da duwatsu. Da suka sha iska aka shafa wa wasu bula, wasu jar ƙasa, wasu aka yayyafa musu garin ɓawon ƙwai. Taurarin sun yi kyau ƙwarai. Orkuma ya ɗebi kaɗan ya wuce rumfar bammi yana nuna wa mutane aikin hannunsa.

Ranar jajibere da sassafe ya kwashi yaran zuwa gonar Baba Tyokase neman reshe. Tsohon ya nuna masa wata tsohuwar bishiyar lemo a gefen gona wadda ta daina 'ya'ya, ya ce ya sari wanda ya ga dama. Orkuma ya zagaya ta, sai idonsa ya faɗa kan wani ƙaton reshe mai ɗauke da dunƙule-dunƙulen ganye, kowanne kamar kan jariri. Sheƙar jajayen cinnakun nan ce masu ɗinke ganye su yi gida a sama.

"Kun gani? Ƙwallayen ado ke nan, Allah ya riga ya rataya mana. Naɗewa kawai za mu yi."

"Waɗannan sojojina ne," in ji Baba Tyokase. "Su ke gadin lemona. Ba a ɗaukarsu aiki a wani wuri."

"Baba, gadi za a gaya min? Na san yadda ake sa maigadi barci."

Ya tara busasshiyar ciyawa da ganyen taba a ƙarƙashin reshen, ya kunna, hayaƙi ya turnuƙe. Ga sanyin safiya, ga hayaƙi, cinnaku suka lafe a ciki shiru. 'Yan kaɗan da suka fito sintiri suka same shi a wuya. Ya matse hawaye ya ce gaisuwa ce tsakanin ma'aikata. Baba Tyokase ya dube shi, ya dubi reshen, ya ɗauki fartanyarsa ya yi gaba.

Aka kai reshe coci, aka dasa shi a bokitin yashi kusa da mumbari. Orkuma ya sa aka naɗe kowace sheƙa da takardar kwalin sigari mai walƙiya, aka shafe da tsululu, aka ɗaure da zare. Yaran ma daga nesa suke miƙo hannu. Aka rataya taurari sama da ƙasa. Iveren ta lallaɓa ta maƙala mala'ikun ɓawon masara a baya inda Kawu ba zai gani ba. Luper ya kara kunne jikin wata ƙwallo.

"Kawu, motsi suke."

"Mafarki suke yi. Kawo zanin gado mu rufe, kada idon mutane ya cinye kyan kafin gobe."

Safiyar Kirsimeti coci ya cika har ƙofa. Wanda ke Legas ya dawo, wanda ke Abuja ya dawo, kowa da sabon ɗinki da turare. Mbakeren ta sauko daga motar farko, ta zauna a layin gaba kusa da Baba Tyokase. Orkuma ya yafa sabon saƙi mai ratsin baƙi da fari, ya tsaya jikin bishiyarsa yana gyara murya tun ana addu'ar buɗewa. Rana ta hau, rufin kwano ya ɗauki zafi, mutane suka fara fifita da takardar waƙa. Fasto ya yi wa'azi mai tsawo a kan tauraron da ya ja masu hikima daga gabas, sannan ya ce ɗan'uwa Orkuma zai buɗe aikin yara.

"Aikin yara da na manya," in ji Orkuma, ya fizge zanin.

Coci ya ɗauki guɗa. Ƙwallaye na walƙiya, taurari na lilo. Mbakeren ta dafe ƙirji tana murmushi, Baba Tyokase ma ya ɗaga gira. Orkuma ya ga haka, kansa ya ƙara girma. Ya fara jawabi. Ya faro daga Fatakwal, ya bi ta kan Turawa, ya zo kan almakashi. Bai kai ga rufin otal ba sai tauraron da ke saman kansa ya yi ɗan ƙara, ya buɗe gida biyu. Ɓari ɗaya ya faɗo, ɗayan ya juyo a hankali a kan zarensa. Jan ido ne guda ɗaya, yana kallon jama'a.

Wata tsohuwa a layi na biyu ta gyara tabarau.

Tauraro na biyu ya buɗe, gashin baki. Na ƙasa ya buɗe, kunne da rabin hula. Zafin kwano ya busar da tsululu, taurari suka shiga buɗewa ɗaya bayan ɗaya kamar gugguru a kasko. Ido nan, ido can, haƙora a reshen hagu, wani kuma ɗauke da rubutun ranar da za a ɗauko gawa daga asibiti.

"Akpen ne," in ji tsohuwar. "Ko a duhu na san wannan harara."

Magana ta bi layi-layi har ƙofa. Na baya suka hau benci. Orkuma yana ta jawabi, ya ɗauka daɗin maganarsa ne ya tada mutane tsaye, har sai da Luper ya ja masa zani.

"Kawu, gam ya gama tunani."

Ya waiwaya, suka yi ido huɗu da marigayi, ko kuma a ce ido da yawa. Ya kai hannu ya juya tauraro ɗaya, wani ya juyo. Ya kama biyu, uku suka juyo. Da ya ga abin ya fi ƙarfin hannu sai ya buɗe zaninsa ya rungume bishiyar gaba ɗaya don ya kare ta da jikinsa.

"Jama'a ku rufe ido, lokacin addu'a ne."

Ƙwallayen suka fashe a ƙirjinsa. Sojojin Baba Tyokase sun kwana a kulle, sun sha hayaƙi, sun sha zafi, ga kuma wanda ya kulle su ya kawo kansa. Suka bi ta wuya, suka bi ta hammata, wasu suka gangara inda ba a faɗa a coci.

Orkuma ya saki bishiya ya dafe ƙugu. Ya karya wuya, ya girgiza kafaɗa, ya lanƙwasa baya kamar maciji, ya buga ƙafa. Mai babbar ganga da ke can gefe bai ga cinnaka ba, rawa kawai ya gani, kuma bai taɓa ganin wanda ya iya rawar swange haka ba. Ya saki kiɗa. Mawaƙa suka karɓa. Wasu mata daga baya suka taso suna juyi, ɗaya har ta manna masa kuɗi a goshi kafin cinnaka ya same ta a yatsa.

"Ku tsaya," Orkuma yake cewa, "ku tsaya," mai ganga kuwa ya ɗauka amshi ne, ya ƙara wuta.

Daga nan sojoji suka bazu. Layin gaba ya watse, Fasto ya haye kujera yana kakkaɓe rigarsa, dattawa suka manta da ciwon gwiwa. Orkuma ya yar da zani, ya yar da riga, ya nufi ƙofa da gajeren wando da takalmi mai tsini. Zaren ado ya naɗe masa ƙafa, bishiya ta bi shi tana ja a ƙasa, marigayi na kallonsa ta ko'ina. Bai tsaya ba sai cikin duron ruwan da ke bayan coci, ya nutse har wuya.

A nan jama'a suka same shi. Leɓensa ya kumbura, ido ɗaya ya rufe. Mama Kwaghdoo ta leƙo ta kan katanga.

"Wannan ma sinadari ne?"

Baba Tyokase ya ratso mutane ya tsaya a bakin duro, cinnaka ko ɗaya bai taɓa shi ba. Orkuma ya ɗago kai.

"Baba, maganar nan tamu dai tana nan ko? Ƙaramin kuskure ne na ma'aikata."

"Ni da na fara sakkowa," in ji tsohon. "Amma ka ga ƙanena ya zo da kansa. Tunda mai mata ya zo, ni na cire bakina."

Mbakeren ta iso da kwando. Ita da yara sun tsince ɓarin taurarin kaf, sun kakkaɓe. Ta ajiye kwandon a gefen duro.

"Ka yanka min miji. Sai ka haɗa min shi yadda yake, ido a wurin ido, kunne a wurin kunne. Ranar da ka gama ka kawo, ka ji amsata."

"Wannan ne kawai? Malama, a Fatakwal na taɓa haɗa madubin da..."

"Ka fito daga ruwan mutane tukuna."

Duk satin nan, yayin da gari ke cin sakwara da nama, Orkuma na zaune a tabarma da kwando a gaba, yara sun kewaye shi suna ba da shawara. Idanu sun yi yawa, gashin baki ya ishi mutum goma, amma an zazzage kwando an sake zazzagewa babu hanci.

"Ai hanci a tsakanin taurari yake faɗowa," in ji Iveren. "Da guntayen muka hura wutar gasa masara."

Orkuma ya ce ba komai, hanci ai hanci ne. Ya yanko farar takarda, ya ɗauki gawayi, ya shafa nasa hancin don ya tuna yadda ake yi, ya zana. Ranar sabuwar shekara bayan an tashi coci, ya tare Mbakeren a harabar coci gaban kowa, ya buɗe aikinsa a kan faifai. Kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wani ido na uku ya leƙo ta ƙarƙashin hula, hanci kuwa ya cinye rabin fuska.

Mbakeren ta daɗe tana kallo. Baba Tyokase ya leƙa ya kau da kai, kafaɗarsa na rawa don dariya.

"Wannan ba mijina ba ne," ta ce. Ta ɗago ta dubi Orkuma tun daga kumburarren leɓe har takalmi mai tsini. "Kai ma haka."

Ta miƙa masa faifansa, ta kira yara su zo su karɓi alewar da ta kawo musu daga Makurɗi.